Hoton Ƙashin Ƙugu da Matsalar Fassara Shi Cikin Hausa: Misalai Daga Dogo Tebo, Potiskum

1.0 Gabatarwa

Duk hoton ƙashin da aka ɗauka a asibiti sau biyu ake karanta shi. Karatu na farko na likita ne, wanda yakan ɗaga hoton ga haske ko ya dube shi a fuskar kwamfuta, ya fahimci abin da ke ciki da harshen da aka koyar da shi, wato Ingilishi mai gauraye da Latin. Karatu na biyu shi ne lokacin da likitan, ko wani ma'aikacin jinya, ya juyo ga majinyaci da danginsa don ya faɗa musu abin da ya gani. A yawancin asibitocin Arewa da Hausa ake yin wannan karatu na biyu, kuma a kansa ne dangi sukan yanke shawarar a zauna a yi aiki, ko a ɗauke mara lafiya a kai shi wurin mai ɗori. Wannan maƙala ta ɗauki hoton ƙugu don ta bayyana abin da likitan ƙashi yake nema a cikinsa, sannan ta duba inda kalmomin Hausa suka wadatar wajen isar da saƙon da inda suke karkatar da shi.

Misalan da za a kawo irin maganganun da ake ji ne a unguwar Dogo Tebo ta garin Potiskum a Jihar Yobe, inda aikin koyarwa ya zaunar da marubucin. Wurin ya dace da irin wannan nazari. Potiskum mahaɗar hanyoyi ce tsakanin Kano da Bauci da Maiduguri, matattarar manyan motoci ce, ga kuma shahararriyar kasuwar shanu, don haka raunin haɗarin mota da na tukar dabba ba baƙo ba ne. Bugu da ƙari, Hausa a nan harshen haɗin gambiza ne tsakanin Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani da Barebari da Hausawa. Sau da yawa likita da majinyaci duk biyun ba da Hausa suka buɗi baki ba, amma da ita za su yi maganar da ƙafar mutum ta rataya a kanta.

2.0 Ina Ne Ƙugu?

Matsala ta farko ita ce iyakar kalma. Abin da likita yake nufi idan ya nemi hoton wannan sashe shi ne gaɓar da ƙashin cinya ya haɗu da faffaɗan ƙashin da ke ɗauke da gangar jiki. Bahaushe kuwa yana da kalmomi da dama da suka kewaye wurin, amma babu wadda ta tsaya cak a kan gaɓar: ƙugu, kwankwaso, katara, kwatangwalo, tsatso, cinya, ɗuwawu da matsematsi. Ƙugu shi ne inda ake ɗaura zane ko a riƙe da hannu biyu don mamaki. Kwankwaso ya fi karkata ga baya, can ƙasan gadon baya. Katara tana gefe, daga waje. A wajena, ni da na tashi a ƙasar Katsina, katara kalma ce ta yau da kullum, amma na lura matasa da yawa a Dogo Tebo sai an nuna musu wurin da hannu kafin su gane ta. Ƙugu ita ce ta mamaye sauran a bakinsu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ciwon gaɓar kanta ba a ƙugun da Bahaushe ya sani aka fi jin sa ba. A matsematsi ake jin sa, daga gaba, wani lokaci ya gangara cinya har gwiwa, saboda jijiyar da ke kai saƙo daga gaɓar tana da reshe a gwiwa. Yaro zai yi ta kukan gwiwa alhali cutar tana sama. Ga kuma kunya. Dattijo ko matar aure ba za su buɗe baki gaban 'ya'yansu su ambaci matsematsi ba. Abin da za a ji shi ne:

(1) Likita, ƙafar nan ce ta riƙe.
(2) Bayan ne dai ya matsa mini.

Wanda ya bi zahirin jimla ta (2) zai aika a ɗauko hoton gadon baya, a kashe kuɗi, a dawo ba a ga komai ba. Shi ya sa ƙwararrun likitoci ba sa dogara da kalmar. Sukan ce, "Baba, ɗora hannunka a wurin," su bar hannu ya faɗi abin da baki ya ji nauyinsa. Haka nan tambayar da ta wajaba a yi wa mace kafin a haska ƙugunta, domin hasken yana iya cutar da ɗan tayi. "Kina da ciki?" takan sami amsar a'a ko shiru, musamman a cikin fari. "Ko akwai ɓatan wata?" ta fi samun amsa ta gaskiya.

3.0 Abin da Likita Yake Dubawa

Wilhelm Rontgen ne ya gano wannan haske a birnin Wurzburg na Jamus a watan Nuwamba na 1895. Hasken yana ratsa tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi yana tare shi saboda ma'adinin da ke cikinsa. Don haka ƙashi yakan fito fari, iska baƙa, tsoka kuma toka-toka. Hausa ba ta wahalar da kanta ba wajen raɗa masa suna: hoto, ko hoton ƙashi, ko hoton ƙirji, gwargwadon wurin. Sai dai kalmar hoto tana ɗauke da wata fahimta, wato cewa abin da ke akwai dole ya fito, abin da bai fito ba kuwa babu shi. Za mu ga illar wannan a gaba.

Akan kwantar da mutum rigingine, a karkato da yatsun ƙafafunsa ciki kamar digiri 15, a ɗauki ƙugun gaba ɗaya, dama da hagu a hoto guda, don a gwada ɓangaren da ke ciwo da mai lafiya. Sannan a ƙara ɗauka ta gefe, domin karayar da ta ɓuya ta fuska ɗaya takan bayyana ta wata. Kafin komai likita yakan tabbatar da suna da kwanan wata da alamar da ke nuna dama ko hagu. Ana kallon hoton ne kamar mutum yana tsaye yana fuskantar mai kallo, wato damarsa tana hagun mai kallo. Na sha jin dangi suna zargin an ɗauki ƙafar da ba ita ba saboda wannan kawai.

Gaɓar kanta sassa uku ne suka fi muhimmanci. Ƙashin cinya yana ƙarewa daga sama da wani dunƙule mai kama da ƙwallo. Dunƙulen yana zaune a kan wani siririn sashe da ya karkata daga sandar ƙashin, yana yin kusurwa tsakanin digiri 120 zuwa 135 a jikin baligi. Sannan dunƙulen ya shige cikin wani rami a jikin ƙashin ƙugu, yana juyawa a ciki. Na farko da na biyu Turawa kai da wuya suke ce musu, kuma Hausa tana karɓar wannan siffantawa ba tare da tirjiya ba, tunda dama muna cewa wuyan hannu da wuyan riga da kan allura. Ke nan muna da kan ƙashin cinya da wuyan ƙashin cinya. Abin lura kawai shi ne a faɗi sunan cikakke. Idan aka gajarta aka ce wa tsoho "wuyan ne ya karye", hannunsa maƙogwaro zai nufa.

Ramin kuwa sunansa na Latin asitabulum, asalin ma'anarsa ɗan kofin da Rumawa suke zuba ruwan tsami. Babu dalilin aro wannan kalma. Hausa tana da ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa, don haka ƙoƙon ƙugu ya zauna daidai a kan tsarin da harshen ya riga ya shimfiɗa, kuma duk wanda na gwada masa ita ya gane ba tare da ƙarin bayani ba. Wasu ma'aikata sukan kwatanta gaɓar da turmi da taɓarya. Kwatancen yana da daɗin ji, amma taɓarya fita take yi ta koma, kan ƙashin cinya kuwa idan ya fita daga ƙoƙonsa an shiga uku.

Daga nan likita yakan bi gefen ƙashi da ido, yana neman inda santsin layin ya yanke. Akwai wani layi na zuci da ake kira da sunan Edward Shenton, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1902. Layin yana tasowa daga ƙasan reshen ƙashin mara, ya lanƙwasa ya bi ta ƙarƙashin wuyan ƙashin cinya, kamar bakan gizo. Idan gaɓar lafiya take, bakan yakan tafi sumul. Idan ya karye ko ya yi tsalle, to akwai karaya ko gocewa, ko da ido bai ga tsagar ba tukuna. Bakan Shenton, a ganina, ya fi layin Shenton dacewa, domin layi a Hausa miƙaƙƙe ne.

Sai tazarar da ke tsakanin kan ƙashi da ƙoƙonsa. A hoto takan fito kamar fili, amma ba fili ba ne, guringuntsi ne wanda haske yake ratsawa. Idan tazarar ta ƙuntata, guringuntsi ya cinye ke nan, kuma akan ga ƙashi ya yi tsiro a gefe ya ƙara fari. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai irin na tsufa, wanda mutane suke haɗawa da wasu cututtuka barkatai a ƙarƙashin sunan sanyin ƙashi. A jikin yara kuma akwai wani baƙin layi da ya raba kan ƙashi da wuyansa. Wurin girma ne, guringuntsi ne da bai zama ƙashi ba, kuma yakan rufe bayan balaga. Uban da ya leƙa hoton ɗansa ya ga wannan layi zai rantse karaya ce.

4.0 Karaya, Tsagewa da Gocewa

Nan ne gizo yake saƙarsa. Hausa tana da aikatau masu yawa na lalacewar ƙashi, kuma akasarinsu a aji na 4 suke bisa rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960: karye, tsage, goce, gurɗe, lotse, cinye. Kowanne yana ɗauke da nasa nauyi a kunnen mai ji. Targaɗe abin ja da shafa man zafi ne. Tsagewa ƙaramar karaya ce da za ta haɗe da kanta. Karaya kuwa, a al'adance, aikin maɗori ne. Wannan rabo ya yi wa Bahaushe aiki shekaru aru-aru a kan ƙwauri da damtse, amma bai dace da abin da hoton ƙugu yake nunawa ba.

Dalili shi ne jini. Jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya suna hawa ne ta jikin wuyan, a cikin jakar da ta lulluɓe gaɓar. Idan karaya ta faru ƙasa da wuyan, a wajen jakar, jini yana isa ko'ina, ƙashi yakan haɗe idan aka riƙe shi da ƙarfe. Idan kuwa a wuyan ne, cikin jakar, jijiyoyin suna iya tsinkewa, kan ƙashin ya rasa abinci ya mutu. Saboda haka tambayar likita ba "ya karye ko bai karye ba" ce kawai ba. Tambayarsa ita ce a ina, kuma ya matsa daga wurinsa ko bai matsa ba. A 1961 wani likitan ƙashi a Ingila, Robert Garden, ya kasa karayar wuyan gida huɗu. A mataki na 1 karayar ba ta ratsa ba, ko kuma ɓangarorin sun cushe cikin juna. A na 2 ta ratsa amma komai yana wurinsa. A na 3 an fara matsawa, a na 4 kuwa kai da wuya sun rabu sarai. Na 1 da na 2 akan ɗaure su da kusoshi. Na 3 da na 4, idan tsoho ne, galibi cire kan ake yi a sa na ƙarfe.

Yanzu a dubi yadda wannan yake fitowa da Hausa:

(3) Hajiya, ƙashin ya ɗan tsage ne.
(4) Baba, ƙashin ya karye.

Jimla ta (3) ita ce fassarar da ta fi saurin zuwa baki ga mataki na 1 da na 2, kuma ta fuskar lugga babu ƙarya a cikinta. Amma kalmar ɗan da aikatau tsage sun haɗu sun gaya wa Hajiya cewa abin bai kai ya kawo ba. Mai irin wannan karaya sau da yawa tana iya taka ƙafar, har ta yi ɗingishi zuwa mota. Ta koma gida, ta ci gaba da takawa, bayan kwanaki karayar ta koma mataki na 4. Abin da kusoshi uku za su gyara ya zama sai an canja kan ƙashi. Jimla ta (4) kuma tana buɗe wata ƙofar: tunda karaya ce, ai akwai mai ɗori, ga sauƙin kuɗi, ga shi kusa da gida, maimakon tafiya Damaturu ko Maiduguri ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 yake karɓar irin waɗannan majinyata daga ko'ina a Arewa.

Ba nufina a nan in rage darajar maɗora ba. Sana'a ce ta gado, kuma a kan karayar hannu ko ƙwauri wadda ba ta huda fata ba, da yawansu suna da gwaninta. Amma ɗori yana aiki ne idan karare za su iya riƙe ƙashi daga sama da ƙasan karaya. Wuyan ƙashin cinya yana binne ne cikin tsoka mai kauri, ba shi da saman da za a kama. Ba gazawar maɗori ba ce, yanayin wurin ne.

Abin sha'awa shi ne nahawun Hausa yana da maganin wannan a aji na 7, wato aikatau masu ƙarewa da -u, waɗanda a sigar ci gaba suke nuna yiwuwar abu ko rashin yiwuwarsa, kamar gyaruwa da ɗinkuwa. A gwada:

(5) Baba, karaya ce, amma irin wadda ba ta ɗoruwa. A ciki take, hannu ba ya kai wa gare ta.
(6) Hajiya, karaya ce da ba ta goce ba tukuna. In kika taka za ta goce.

Jimla ta (5) ba ta zagi kowa ba, ba ta hana zuwa ko'ina ba, ta dai faɗi halin karayar da kalmar da dangi suka sani. Ta (6) ta kauce wa tsage gaba ɗaya, kuma tukuna ta ɗauki nauyin gargaɗin.

Gocewar gaɓa ba ta da wannan rikici na suna, sai dai na lokaci. Ta fi faruwa a haɗarin mota, idan gwiwar wanda ke zaune ta daki gaban mota, kan ƙashi ya fice ta baya. Ƙafar takan gajarce ta juya ciki, saɓanin karaya inda takan juya waje. A hoto za a ga ƙoƙon wayam, kan yana sama da shi. Likitoci suna son mayar da shi cikin awa 6, don jijiyoyin jini a miƙe suke kamar tsirkiya. Da yake gocewa a kunnen Bahaushe ƙanwar targaɗe ce, dole a haɗa ta da maganar awoyi, in ba haka ba sai a ce a bari gari ya waye.

5.0 Idan Hoto Bai Nuna Ba

An ambata a baya cewa kalmar hoto tana sa a ɗauka abin da bai fito ba babu shi. Akwai karayar wuyan ƙashin cinya da ba ta bayyana a hoton farko, sai an sake bayan kwanaki ko an yi amfani da na'urar maganaɗisu. "Ba a ga komai ba" da "babu komai" jimloli biyu ne daban, amma a hanyar komawa gida sukan zama ɗaya.

Inda wannan ya fi ciwo shi ne wajen masu sikila, ko amosanin jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Nijeriya duk shekara. Ƙwayoyin jininsu sukan toshe ƙananan jijiyoyin da ke kan ƙashin cinya, sai wani sashe nasa ya rasa jini, ba tare da faɗuwa ko haɗari ba. A farkon al'amari saurayi ko budurwa za su yi ta kukan ciwo, hoto kuwa ya fito tas. Daga baya ƙashin ya yi dabbare-dabbare, sannan wani siririn baƙin layi mai lanƙwasa ya bayyana a ƙarƙashin fatar kan ƙashin. Turawa da jinjirin wata suka kwatanta shi, kuma babu kwatancen da ya fi wannan zama a Hausa: alamar jinjirin wata. Ganin ta yana nufin rufin ya fara rabuwa da abin da ke tallafe da shi, daga nan sai kan ya lotse.

Sunan cutar a likitance, idan aka fassara shi kai tsaye, shi ne mutuwar ƙashi don rashin jini. Duka ɓangarorin biyu suna da matsala. Rashin jini a Hausa ƙarancin jini ne a jiki, wanda mai sikila ya riga ya saba ji, don haka uwa za ta nufi zogale da maganin ƙarin jini. Mutuwar ƙashi kuwa takan sa a fid da rai, a ɗauka ƙafar ta tafi, alhali idan aka gano da wuri akwai abin yi, ko da rage ɗora nauyi ne da sanda kafin a kai ga aiki. "Jini ba ya isa kan ƙashin" ta fi tsawo, amma ita ce ke faɗin abin da ya faru.

6.0 Rubutu da Sauran Harsuna

Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi hidima, har ya zama yau muna rubuta irin wannan maƙala ba tare da rancen kowace kalma ba. Sassan jiki kamar yadda likitan ƙashi yake rarraba su suna buƙatar irin wannan zama, kuma zaman ba zai yi albarka ba sai da likitoci da masu ɗaukar hoto da maɗora da mahauta, domin mahaucin kasuwar Potiskum yana da sunan kowane yanki na cinyar sa. Akwai kuma ƙamusoshin Ngizim da Bolanci da Karekare da Ngamo da Bade waɗanda Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu suka fitar a 2004, masu ɗauke da fassarar Hausa. Gwada kalmomin sassan jiki da ke cikinsu zai nuna ko ƙugun da Bangizime yake nufi idan yana Hausa shi ne ƙugun Bakano.

Batun ƙarshe na ƙa'idar rubutu ne. Ngizim da Bolanci suna da ɓ da ɗ amma ba su da ƙ, don haka a bakin wasu masu Hausa a matsayin harshe na biyu ƙashi yakan fito da k. A magana karin sauti da tsawon wasali da muhalli sukan raba gardama. A rubuce kuwa, inda ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, ƙugiyar nan ita kaɗai ce katanga. Takardar da aka buga wa majinyaci a na'urar da ba ta da haruffa masu ƙugiya, aka rubuta masa ya je a duba kashinsa, tana iya kai shi ɗakin gwaje-gwaje da 'yar kwalba a hannu, alhali ɗakin hoto aka tura shi.